Anti a taimaka min, ɗalibi ɗaya ya hana ni sakat a aji

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali? Allah ya ƙara basira.

Ni malama ce a wata ƙaramar sakandaren maza ta gwamnati a nan Kano, shekarata biyu da fara aiki bayan na gama NCE, Turanci nake koyarwa a aji biyu. Yara 94 ne a rajista, wasu kan benci wasu a ƙasa, to surutu kam dole ne, wannan na saba da shi.

Damuwata wani yaro ne da ke zama can baya, zai kai shekara 17, duk ya girme su. Da na juya allo sai ya fara kwaikwayon muryata aji ya kwashe da dariya, ko ya ƙwace biron wani, monita ma tsoron rubuta sunansa yake. Ba irin horon da ba a yi masa ba, tsallen kwaɗo, kamun kunne, sharar fili, malamin horo ya zane shi ya fi sau biyar, wallahi ko gezau, yana dawowa sai ka ga yara na kallonsa kamar wani gwarzo. Na sa aka kira babansa, bawan Allah ya ce min "Malama nama naki ƙashi nawa", ya hau mashin ɗinsa ya tafi.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, ran Talata na tsayar da shi bayan an tashi, na ba shi littafi ya karanta min layi ɗaya, Anti yaron nan bai iya haɗa baƙi ba sam, har Hausar ma. Ya sunkuyar da kai hawaye na zuba, ya ce in rufa masa asiri. Ashe da yamma gareji yake zuwa sai dare yake komawa gida. Tun ranar abin yake cina.

Yanzu mataimakin shugaban makaranta na maganar kora, abokan aikina kuma sun ce ina da sanyi da yawa shi ya sa yara suka raina ni. Ni ina ganin in aka kore shi sai Allah kaɗai ya san hannun da zai faɗa, amma sauran 93 ɗin ma suna da haƙƙi a kaina, darasin minti 40 rabi a tsawa yake ƙarewa.

Dan Allah ya zan yi? In faɗa wa shugaban makaranta sirrin da ya ce in rufe, ko in fara koya masa a ɓoye lokacin tara? Kuma ta ya zan yi hakan yara ba su gane sun mai da shi abin tsokana ba?

Ƙanwarki, daga Kano.