Wa Ya Ce Ba Ruwan Matasa Da ECOWAS?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan shirinku na daren Lahadi, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci. Baƙon da kuka gayyato ya ce wai ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, majalisar shugabanni ce kawai, ƙasa ta shiga ko ta fita duk ɗaya ne a wurin matashi, tunda ba ta taɓa sa masa tuwo a kwano ba. Mai gabatarwa ya amsa masa, ya wuce tambaya ta gaba. Haba Malam! Samarin da ke sauraronku a Panteka da tashar Kawo da Kasuwar Barci, da yawansu da takardun wannan ƙungiya suke cin abinci, ko da ba su san sunan takardun ba.

Shugaban ƙasa ba ya bin layi a Jibiya, jirgi yake hawa. Wanda yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ta shafa shi ne yaron mota da ɗan ci-rani da bakanike da ɗalibi. Ita ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba biza, ya zauna har kwana 90, in zai wuce haka ya nemi izinin zama. Abu biyu aka ɗora masa: takardar tafiya mai aiki da katin rigakafin shawara. Takardar tafiyar ma ba dole sai fasfo ba, akwai takardar tafiya ta ECOWAS da hukumar shige da fice ke bayarwa, wadda ba ta kai fasfo tsada ba. Inda yaranmu ke faɗawa rami shi ne su ɗauki katin zaɓe su nufi boda, suna ganin ai shaida shaida ce. Ba shi doka ta ambata ba, kuma da zarar mai shinge ya ga haka ya samu ƙofar tatsa. Wasu kuma su hau babur su bi ɓarauniyar hanya don gudun layi. Wanda bai shiga ta ƙofa an buga masa hatimi ba, ba shi da abin da zai nuna ranar shigarsa, don haka kwana 90 ɗin nan ba za su kare shi ba. Sai katin shawara: sau ɗaya ake allurar, tun 2016 katin yana aiki har ƙarshen rai, amma sai bayan kwana 10 da yin allurar yake fara aiki. Wanda aka yi wa ranar Litinin ya kama hanya ranar Laraba, katinsa bai nuna ba tukuna. Mai sayen kati a tasha ba tare da allura ba kuwa, kansa ya cuta.

Direba nasa daban ne. Motar gida tana iya zama kwana 90 a wata ƙasa, ta haya kwana 15, da lasin da takardun mallaka da inshora. Inshorar da ya yanka a Kaduna, in ba ta haɗa da katin ECOWAS ba, a bakin iyaka take tsayawa. Katin inshorar ECOWAS mai launin ruwan ƙasa, wanda aka kafa tun 1982, shi ke biyan ɓarnar da ya yi wa wani a can. Direban da ya buge mutum a Kwatano ko Lome ba shi da katin nan, ya shirya barin motar a hannun jandarmomi.

To sai kaya, kuma nan ne baƙonku ya fi ba ni haushi, domin nan kuɗin yake. A tsarin cinikin ƙungiyar, amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu suna ƙetarawa ba harajin kwastan, ba a ma neman takardar shaidar asalin kaya a kansu. Cittar Kachia da masara da takalman fata duk suna ciki, sai dai a nemi takardar lafiyar amfanin gona ko ta dabba. Kayan masana'anta, irin su sabulu da man shafawa, su ne masu dogon zance. Sai an yi wa kamfani rajista, a kai buƙata ga kwamitin amincewa da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, a nuna cewa kayan na gida ne: ko dai aƙalla kashi 60 cikin 100 na ɗanyen kayan daga yankin suka fito, ko aikin da aka yi a nan ya kai kashi 30 cikin 100 na farashinsa a bakin masana'anta, ko sarrafawar ta mayar da shi wani nau'in kaya daban a jadawalin kwastan. Kowane kaya da amincewarsa, wadda aka ba sabulu ba ta ɗaukar man shafawa. Wanda ya sayo kayan Sin ya sauya musu kwali bai sarrafa komai ba. Kuma harajin shigo da kaya kaɗai aka yafe, harajin VAT na ƙasar da aka kai yana nan. Matasa nawa ne masu ƙananan masana'antu a Kakuri suka taɓa jin wannan bayani a rediyo?

In baƙonku yana son ya san ko ƙungiyar ta shafi matashi, ya tuna 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, ECOWAS ta sa aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wuta. Ba a ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairun 2024, iyakar kuma sai cikin Maris ta buɗe. Tireloli sun yi layi a Jibiya da Illela, kaya sun ruɓe a cikinsu. 'Yan dako da 'yan kamasho da 'yan canji da masu sayar wa direbobi abinci su suka sha wuyar, kuma kusan dukkansu matasa ne. Ni ina ganin rufe iyakar nan kuskure ne babba, Katsina da Maraɗi gida ɗaya ne. Amma ƙungiyar da shawararta ɗaya ta hana dubban samari abinci wata da watanni, ta yaya za a ce ba ruwansu da ita?

Ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa, ƙasashe 15 suka koma 12. Gaskiya ne ɓangarorin biyu sun ce a ci gaba da shige da fice ba biza, shi ya sa wasu ke cewa babu abin da ya sauya. Ya sauya. Da hakki ne rubutacce a yarjejeniya, yanzu alfarma ce, ECOWAS ma cewa ta yi sai abin da hali ya yi. Alfarma kuwa sanarwa ɗaya ke janye ta. A Maris na 2025 ƙasashen uku suka sa harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan kayan da ke shigar musu daga waje. Ɗalibanmu da ke karatu a Maraɗi da Say, da samarin Nijar da ke ga-ruwa da shayi da gadi a Tudun Wada da Rigasa, duk a kan wannan alfarma suke zaune. Layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi ma amfaninsa ya rataya ne a kan yadda iyakar za ta kasance.

Akwai kuma kotun ƙungiyar da ke Abuja, wadda ko sunanta ba a ambata a shirin ba. Tun 2005 mutum ɗaya yana iya kai ƙarar gwamnati can a kan take hakki, ba sai ya gama zagaye kotunan ƙasarsa ba. A 2008 ta yanke wa wata matashiya 'yar Nijar hukunci mai kyau a shari'ar bauta, a 2022 ta ce dakatar da Twitter a Najeriya ya saɓa doka. Gwamnatoci sukan ja ƙafa wajen bin hukuncinta, amma ƙofa ce, kuma ƙasar da ta fita ta rufe wa 'ya'yanta ita.

Ba wanke ECOWAS nake yi ba. Dokar Ghana ta 2013 ta ce baƙon da zai yi kasuwancin saye da sayarwa sai ya zuba jarin dala miliyan 1, an kuma rufe wa 'yan Najeriya shaguna a kanta. Mu ma mun rufe iyakokinmu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Kuɗin bai-ɗaya na ƙungiyar mai suna Eco kullum ɗage shi ake yi. Shingaye ba su ƙirguwa, kowanne da na goronsa. Najeriya na da kujeru 35 a majalisar ƙungiyar, amma ba wanda talaka ya zaɓa kai tsaye, daga Majalisar Tarayya ake tura su. Wannan shi ne abin da ya kamata a zafafa a kai. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, su za su rayu da ficewar nan, kuma ba a yi ƙuri'ar raba gardama an tambayi kowa ba. A Birtaniya an tambaya a 2016, yawancin matasa suka zaɓi zama a Tarayyar Turai, manya suka rinjaye su.

Roƙona a sake shirin. A kawo jami'in shige da fice, da direban da ke bin hanyar Maraɗi, da mai fiton kaya a kwastan, da matashiya mai sarrafa kaya, su faɗi takardun ɗaya bayan ɗaya da inda ake samunsu.

Sannan don Allah ku duba tallan masu maganin gargajiya da kuke cusawa a tsakiyar shirin. Sau uku aka katse magana ranar Lahadi, kalaman wasunsu kuma ba su dace da gidan da yara ke zaune ba. Da aka zo buɗe layin waya, mutum biyu kawai suka samu shiga aka ce lokaci ya ƙare.

Wassalam.

Naku,
Mai sauraro daga Tudun Wada, Kaduna