Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gabe Newell, Shugaban Kamfanin Valve, Kan Wasannin Danne-Danne Da Sharhin Bogi A Steam

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri a gare ku da dukan ma'aikatanku na Bellevue, na rubuto wannan wasiƙa ne a matsayina na ɗaya daga cikin miliyoyin mutanen da suke sayen wasannin kwamfuta a kasuwarku ta Steam, waɗanda ba su da wata hanyar sanin ingancin wasa kafin su fitar da kuɗinsu sai abin da kasuwar ta nuna musu. Abubuwa biyu muke dubawa: yawan mutanen da ke buga wasan, da kuma sharhin da waɗanda suka riga mu saye suka rubuta. Ƙorafina shi ne an koyi yadda ake ƙirƙirar waɗannan abubuwa biyu ba tare da akwai wasan kirki a bayansu ba, kuma tsarin kuɗin da kuka gina ya sa kamfaninku yana da rabo a cikin ribar wannan aiki, ko da ba da nufinku ba.

Ba na cikin masu raina wasannin danne-danne gaba ɗayansu. Cookie Clicker, wanda Bafaranshen nan Julien Thiennot ya fitar a 2013 kuma ya iso Steam a 2021, wasa ne da aka yi shekaru ana gininsa, yana da lissafi mai zurfi da zaɓuɓɓukan da ke sa mai wasa tunani. Universal Paperclips na Frank Lantz, wanda ya fito a 2017, ya yi amfani da wannan salo mai sauƙi wajen tayar da tambaya babba game da injin da aka ba wa manufa guda ba tare da an sa masa iyaka ba. Mai aikin ofis da ke son abin da zai leƙa na minti biyu ya koma bakin aikinsa yana da haƙƙin samun irin waɗannan wasanni. Abin da nake magana a kansa daban ne: manhajar da aka haɗa cikin kwana ɗaya ko biyu, aka sa mata sunan wasa, alhali an yi ta ne domin ta riƙa zubo da kayan sayarwa a kasuwar musayarku, inda masu wasa ke saye da sayar da kayan cikin wasa a tsakaninsu.

Misalin da kowa ya gani shi ne Banana, wanda ya fito a watan Afrilun 2024. Hoton ayaba ne guda a tsakiyar allo, mutum ya danna, lamba ta ƙaru, babu wani abu bayan haka. Abin da ya tara masa jama'a shi ne duk bayan wasu sa'o'i yana jefa wa asusun mai wasa hoton wata ayaba da za a iya sayarwa a kasuwar musaya ta Steam. Mafi yawansu santi 3 na dala suke, amma an sayar da wasu ƙalilan sama da dala 1,000, kuma labarin waɗannan ƙalilan ɗin ne ya ja sauran. A watan Yunin shekarar adadin asusun da suka buɗe shi a lokaci guda ya haura 900,000, ya wuce Dota 2 na kamfaninku, Counter-Strike 2 kaɗai ya rage a gabansa. Tun adadin yana wajen 141,000 ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙera wasan ya shaida wa 'yan jarida cewa kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai mutane na gaske, sauran asusu ne da inji ke tuƙawa, inda mutum guda kan buɗe ɗaruruwa a kan kwamfuta ɗaya domin ya tara ayaba. Duk da wannan bayani da ya fito daga bakin masu abin, jadawalin wasannin da aka fi bugawa ya ci gaba da nuna lambar yadda take, kuma nan da nan kwaikwayonsa suka cika wurin, wannan na kyanwa, wancan na kokwamba.

Ina roƙon ku dubi lissafin santi ukun nan da idon wanda ke waje. A kowane ciniki na kasuwar musaya Valve na ɗaukar kashi 5 cikin 100, mai wasan kuma, wato wanda ya ƙera shi, yawanci kashi 10, amma kowane ɗayan kason biyu ba ya gaza santi 1. Saboda haka idan aka sayar da ayabar santi 3, mai sayarwa ya ɗauki ɗaya, mai wasan ya ɗauki ɗaya, ku ma ku ɗauki ɗaya. A kayan da suka fi kowane arha ne kasonku ya fi girma, kashi ɗaya cikin uku cif, kuma irin waɗannan kayan ne asusun inji ke jujjuyawa ba dare ba rana. Ban ce kun tsara haka domin ku cuci kowa ba, kuma na san kuɗin ba wani abu ba ne idan aka gwada shi da kason da kuke samu a cinikin manyan wasanni. Amma a kasuwar hatsi, idan sarkin kasuwa yana karɓar la'ada a kan kowane awo, har da wanda aka yi da mudun da aka buga wa gindi, to ko bai taɓa mudun da hannunsa ba jama'a za su tambaye shi dalilin da ya sa bai karɓe shi ba, kuma tambayar tana kan hanya.

Kun san wannan cuta tun kafin Banana. Bayan kun shigo da katunan musaya a 2013, wato katunan da wasa ke ba wanda ke buga shi kuma ake iya sayarwa, sai aka samu masu zubo da wasannin da aka harhaɗa daga kayan da aka saya a shirye, su raba dubban makullan buɗe wasa ga asusun inji, injinan su tara katuna, a sayar, mai wasan ya ci kasonsa ba tare da ɗan adam ko ɗaya ya buga ba. Ku da kanku kuka bayyana wannan dabara a 2017, kuka ce daga lokacin wasa ba zai fara ba da katuna ba sai tsarinku ya gamsu cewa mutane na gaske ne ke saye suna bugawa. A watan Satumban shekarar kuka cire wasanni 173 masu alaƙa da kamfanin Silicon Echo Studios a tashi ɗaya. Wannan mataki ne mai kyau, kuma shi ne hujjata a kanku, domin ya nuna kuna da hanyar bambance mutum da inji idan kun ga dama. Abin da ya faru a 2024 tsohuwar dabarar ce ta canza ƙofa, ta bar katuna ta koma kayan cikin wasa.

Batun sharhi ya fi ci mini rai, saboda shi ne abin da mai saye ya fi yarda da shi. A 2024 an fitar da wasanni sama da 18,000 a Steam, wato kusan 50 a kowace rana, kuma babu mai iya duba su ɗaya bayan ɗaya. Wasa ba ya samun maki a shafinsa sai ya tara sharhi 10 daga waɗanda suka saya, kuma duk ƙaramin mai ƙera wasa ya san cewa wanda bai kai goman nan ba tamkar bai fito ba ne. Inda aka sa ƙofa ƙunci haka, dole a samu masu sayar da hanyar tsallake ta, masu ba mutum kuɗin sayen wasan da ɗan ladan rubuta yabo. A watan Satumban 2016 kun sanar da cewa kun gano aƙalla wasanni 160 da yabon da suke samu daga masu makulli ya zarce na masu saye kai tsaye nesa ba kusa ba, kuka daina lissafa sharhin masu makulli a cikin maki. A watan Fabrairun 2018 kun kori kamfanin Insel Games na Malta bayan da aka fallasa saƙon da shugabansa ya aika wa ma'aikata yana matsa musu su sayi wasan kamfanin su rubuta masa sharhi. Amma wasan kyauta ba shi da shingen saye, duk wanda ya sauke shi ya ɗan buɗe yana iya rubuta sharhi a lissafa. Ga wasa irin Banana akwai ƙarin matsala, wadda ba na jin dokokinku sun yi tanadinta: wanda ya tara ayaba yana jiran farashinta ya tashi ba mai sharhi ba ne, mai haja ne, kuma yabon da zai rubuta talla ce ga kayansa, ko da babu wanda ya biya shi sisi.

Masu asara a nan mutane ne da ake iya nunawa. Akwai wanda ya yi shekara uku yana gina wasansa shi kaɗai, ya biya dala 100 ta Steam Direct, kuɗin ɗora wasa a kasuwarku, kamar kowa, ya fito rana ɗaya da kwaikwayo goma da aka yi a mako guda, kuma ya ƙi sayen sharhi saboda yana tsoron Allah ko yana tsoron ku. Akwai mai saye irina, wanda kuɗinsa naira ne amma farashin da ke gabansa dala ne, wanda kuskure ɗaya a saye ke cinye masa abin da ya ware na wata. Akwai kuma matasan da ake koya wa cewa danna allo sana'a ce. A shekarar 2024 muka ga yadda samari da 'yan mata a garuruwanmu suka duƙufa kan Hamster Kombat da makamantansa a Telegram, suna abin da suke kira mainin, suna ƙona data da cajin waya wata da watanni, kuma da aka raba kuɗin kirifton a ƙarshen Satumba akasarinsu abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Wannan ba a kasuwarku ya faru ba, ba kuma laifinku ba ne, amma alkawarin iri ɗaya ne, kuma idan kasuwa mai mutunci irin Steam ta ɗora irin wannan abu a saman jadawalinta, ta ba shi shaidar da bai cancanta ba.

Abin da na lura da shi a tarihin matakanku shi ne yawancinsu sun zo ne bayan wani daga waje ya yi kururuwa. Saƙon Insel Games a intanet aka fara ganinsa. Wasan Abstractism, wanda aka zarga a 2018 da yin amfani da kwamfutocin mutane wajen haƙar kirifto a ɓoye da kuma sayar da kayan jabu masu kama da na Team Fortress 2, masu wasa da masu bidiyo a YouTube ne suka tona shi kafin ku cire shi. Na fahimci matsayin da kuka ɗauka a watan Yunin 2018, cewa ba za ku zama alƙalan abin da ya dace mutane su buga ba, sai abin da ya saɓa doka ko aka yi shi domin tsokana kawai, kuma ina ganin akwai hikima a ciki. Sai dai ƙin yanke hukunci kan daɗin wasa abu ne guda, barin lambar da kuka san ba gaskiya ba ce a shafinku kuma wani abu ne daban. Lambar taku ce, ku kuka ƙirga, ku kuka wallafa.

Hukumomi ma sun fara kallon lamarin ta wannan fuska. Hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta kafa doka a 2024 da ta haramta saye da sayar da sharhin bogi, har da wanda ma'aikatan kamfani ke rubutawa ba tare da bayyana alaƙarsu ba, da tarar da a lokacin ta kai dala 51,744 a kan kowane laifi. A Birtaniya, tun watan Afrilun 2025, doka ta ɗora wa masu wallafa sharhin jama'a nauyin ɗaukar matakan da suka dace domin hana na bogi da cire shi. Zai fi kyau a ce kun riga dokar gyarawa.

Roƙona na farko shi ne gwajin da kuka sa wa katunan musaya a 2017 ya hau kan duk wani kaya da wasa ke jefa wa mutane kuma ake iya sayarwa, ta yadda ba za a buɗe masa kasuwa ba sai an tabbatar mutane ne ke bugawa. Haka kuma jadawalin masu wasa ya daina ƙirga asusun da kuka gane inji ne, ko kuwa a rubuta a fili cewa adadin yana da shakku. Game da sharhi, ya kamata mai karatu ya ga alama idan wanda ya rubuta yana riƙe da kayan wasan na sayarwa masu yawa, kamar yadda yanzu ake nuna wanda ya samu wasan kyauta. Kuma idan kuka kama mai ƙera wasa da sayen sharhi, a sanar da duk wanda ya saya, a mayar masa da kuɗinsa ko ya wuce sa'o'i 2 na wasa da kwanaki 14 daga saye na ƙa'idarku ta mayar da kuɗi, tun da da ƙarya aka sayar masa. A kuma riƙa bin mutumin da asusun bankinsa, domin canza sunan kamfani ba shi da wuya.

Akwai gyara biyu da nake roƙon kada ku yi, domin su ne mafi sauƙi kuma su ne za su faɗa kan marasa ƙarfi. Kada ku ƙara kuɗin Steam Direct. Dala 100 ta haura naira 100,000, kuma ga matashin da ke koyon ƙera wasa a Kano ko Legas ko Nairobi wannan kuɗi ne da ake tarawa a hankali, alhali mai gonar asusun inji zai biya ninkinsa goma bai ji a jikinsa ba. Kada kuma ku ce sai wanda ya kashe kuɗi da yawa ne sharhinsa zai yi nauyi, domin da yawa daga cikin masu buga wasannin kyauta da gaske talauci ne ya tsayar da su a nan. Shekarun asusu, da yadda mutum ke wasa, da ko asusu ɗari suna motsi tare daga wuri ɗaya, duk bayanai ne da ke hannunku, kuma sun fi aljihu nuna gaskiya.

Daga ƙarshe ina neman ku riƙa fitar da rahoto sau ɗaya a shekara, wanda zai faɗi yawan sharhin da kuka cire, da yawan masu wasannin da kuka kora saboda maguɗi, da nawa ne daga ciki kuka gano da kanku kafin wani ya kai ƙara. Valve ba ta da masu hannun jari a kasuwar hada-hada da za su tilasta muku yin haka, shi ya sa na rubuto muku kai tsaye, domin shawarar a hannunku take.

Na gode da lokacinku. Ku huta lafiya.

Naku,
Mai saye a kasuwar Steam