Yunwar da Elsa Morante ta rubuta ba ƙari ba ce

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na adabi na ranar Lahadi ya ɓata mini rai. Baƙonku ya dage cewa marubuciyar Italiya Elsa Morante ta cika gishiri a littafinta La Storia, wai ta zuba yunwa da kuka ne don ya yi kasuwa. Mai gabatarwa kuma bai ce masa uffan ba.

Matar nan fa da idonta ta ga Yaƙin Duniya na Biyu. Da Jamusawa suka mamaye Rum, babban birnin Italiya, a Satumban 1943, ita da mijinta Alberto Moravia, dukkansu masu jinin Yahudawa, tserewa suka yi duwatsun Fondi, suka yi wajen wata tara a wata bukka. Kafin nan jiragen Amurka sun ragargaza unguwar San Lorenzo da ke Rum ranar 19 ga Yuli, unguwar da gidan Ida, jarumar littafin, ya rushe a labarin. A 1944 rabon burodin mutum ɗaya a Rum ya faɗo gram 100 a rana. Shekara talatin abin na cinta kafin littafin ya fito a 1974, kuma ita ta nace a sayar da shi da araha don talaka ya iya saya. Mai neman kasuwa haka yake yi?

Wurin da baƙonku ya yi wa dariya, inda Ida, malamar makaranta mai tsoro da kunya, ta saci ƙwai don ɗanta Useppe, nan ne na ajiye littafin na yi kuka. Ni ma malama ce. A Oktoban 2014 da muka gudu daga Mubi a ƙafa, ƙaramin ɗana ya daina kuka, sai dai ya buɗe baki ya rufe. Cikin dare na shiga gonar wani na tuge gyaɗa, na tauna ɗanya ina sa masa a baki. Ni da ban taɓa ɗaukar allurar mutum ba. Har yau ina neman gafarar Allah da ta mai gonar. Wallahi wanda bai ga yunwa da idonsa ba ba zai rubuta wannan wurin haka ba. Ya kamata baƙonku ya nemi afuwa.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sawa ƙarƙashin magana. A ƙaramar rediyo kiɗan ne ke fita, muryar baƙo ta nutse.

Mai sauraronku,
wata malama daga Mubi