Godiya ga Telolin da Ke Ɗinka Mana Tuta

Assalamu alaikum.

Zuwa ga Malam mai shago da yaransa, masu ɗinkin tuta a kusa da babbar kasuwar Maradi. Mu da ke da alhakin tuta a wasu makarantun birnin nan muka ga ya dace mu gode muku a bainar jama'a, mu kuma bayyana dalilin godiyar, ko mai shirin sayen tuta ya ƙaru.

Farkon abin da muke yabawa shi ne ba ku sa almakashi a yadi sai kun tambayi tsawon ƙarfen da za a ɗaga tutar a kai. Tsawon tuta a kwance yana tsayawa ne tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ƙarfen. Ƙarfe mai mita 6 yana ɗaukar tuta mai santimita 100 a tsaye da 150 a kwance. Mai mita 7, a ba shi 120 da 180. Mai mita 10 kuwa yana ɗaukar 200 da 300, in dai gindinsa ya samu siminti sosai. Mai saye yakan so babba don a hango ta daga titi, ku kuma kuna hana shi, ko da yake babbar ta fi kawo muku kuɗi. Kuna da gaskiya. In aka ninka tsawo da faɗi, yadin da iska za ta tura ya ninku sau huɗu. Daga nan siririn bututu yake lanƙwashewa, walda ta ɓalle, ko kuma ranar da babu iska tutar ta zubo tana shafar kwanon aji ko reshen dogon yaro. Kwano kuwa wuƙa ne ga yadi.

Sai maganar yadi, inda aka fi yin hasara. Auduga tana da kyan gani a cikin ofis, amma a waje tana shan ruwa ta yi nauyi, ta ƙanƙance, launinta ya zuba cikin farin tsakiya. Nailan ba shi da nauyi, iska kaɗan ta ishe shi buɗewa, yana bushewa nan da nan, sai dai ranar bazara da ke haura digiri 40 a Afirilu da Mayu tana koɗar da shi da wuri. A ganinmu shawararku ta foliyesta, wanda wasu ke kira targal, ita ce daidai da garinmu. Ya fi jure rana, ya fi jure iskar hunturu da ƙurarta. Aibinsa ɗaya, mai kauri yana son iska mai ƙarfi kafin ya buɗe, shi ya sa kuke zaɓa wa makarantar da ke cikin lungu tsakanin gine-gine marar nauyi, wadda ke fili a bakin gari kuma mai kauri. Abin lura ma, ranakun da aka fi neman sabuwar tuta sun faɗo a lokutan da suka fi cin ta: 3 ga Agusta, ranar da Nijar ta samu 'yancin kai, tsakiyar damina; 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya, tsakiyar hunturu.

Tuta daga bakinta take mutuwa, wato gefen da ke nesa da ƙarfe, wanda iska ke kaɗawa kamar bulala. Nan aikinku ya bambanta da na tutocin da ake sarowa a ƙunshe. Kuna kalmasa bakin sau biyu, ku bi shi da layin ɗinki huɗu, ku ƙara ƙyalle a kusurwoyin biyu. Zarenku ma na foliyesta ne, domin zaren auduga yana ruɓewa tun yadin yana da sauran ƙarfi, sai ɗinki ya warware ba tare da yagewa ba. Gefen igiya kuna ƙarfafa shi da yadi mai kauri, faɗin kamar santimita 5, ku sa zoben tagulla sama da ƙasa. Zoben baƙin ƙarfe yana tsatsa da ruwan farko, tsatsar ta ɓata yadin ta kuma cinye wurin har zoben ya fita.

Ba mu manta da kiyaye siffar ba. Tun da aka amince da tutar Nijar ranar 23 ga Nuwamba 1959, layukanta uku ne a kwance: ruwan lemu a sama, fari a tsakiya, tsanwa a ƙasa, da da'ira ruwan lemu a cikin farin. Kuna yanka layukan daidai wa daida bayan kun ware abin kalmasa, kuna ɗinka da'irar a fuska biyu, ba ta taɓa layin sama ko na ƙasa. Kuma daga bandir ɗaya kuke yanka ta da layin sama. Ƙaramin abu ne a ido, amma yadi biyu ba sa koɗewa tare, bayan wata biyu sai a ga da'ira ja-ja a ƙarƙashin layin da ya koma ruwan ƙasa.

Haka nan bayanin da kuke yi wa kowa kafin ya bar shago: a sauke tuta da yamma, a sauke ta da zarar hadari ya haɗu a gabas, a wanke ta da ruwan sanyi da sabulu ba tare da jabel (ruwan bilic) ba, a shanya a inuwa, kada a naɗe ta da danshi. Igiya mai kaurin milimita 6 zuwa 8 ta isa, a riƙa duba inda take gogar ƙaramar tayar da ke ƙolin ƙarfe, domin nan take tsinkewa. Da an ga bakin tuta ya soma tsefewa, a kawo a datse santimita biyu ko uku a sake kalmasawa. Wanda ya jira mako biyu, yagewar ta bi layi ta kai tsakiya, gyara ya wuce.

Roƙonmu ɗaya: odar Oktoba tana yi muku yawa lokacin komawa makaranta. Da za ku soma karɓar awon ƙarafa tun Satumba, da kowa ya samu tasa kafin ranar buɗewa.

Allah ya sa albarka a sana'a, ya ƙara ciniki. A gaida yaran shago.

Naku,
Wasu shugabannin makarantu da malamai masu kula da tuta, Maradi