Ba kowane zazzaɓi ba ne maleriya da taifot

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai albarka domin in ja hankalin jama'ar Kano kan wata ɗabi'a da ta zama mana jiki. Duk zazzaɓin da ya kama mutum sai a ce maleriya ce da taifot, a yi masa allurai da ƙarin ruwa a kemis, idan ya dawo bayan mako biyu a sake maimaita masa, har a kwashe watanni babu wanda ya tambayi dalilin da ya hana jikin sauka.

Tun shekarar 1961 likitoci biyu a Amurka, Petersdorf da Beeson, suka ware irin wannan zazzaɓi a matsayin matsala ta daban: zafin jikin da ke haura digiri 38.3 a kai a kai, ya wuce mako uku, kuma binciken farko bai gano tushensa ba. Mai irin wannan zazzaɓi, bincike mai zurfi yake buƙata.

Gwajin Widal, wanda da shi ake yanke wa mutane hukuncin taifot, ba ƙwayar cutar yake gani ba, martanin garkuwar jiki yake aunawa. Saboda haka yana iya nuna taifot a jikin wanda ya warke tun bara, ko wanda maleriya kaɗai ke damunsa. Gwajin da ake dogaro da shi shi ne a ɗebi jini a raini ƙwayar cutar a ɗakin gwaji, kuma shi ma yana rasa ƙarfi idan an riga an ɗura wa majinyaci magungunan kashe ƙwayoyin cuta.

Abin da ya fi damuna shi ne tarin fuka. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi fama da shi a duniya, amma mutanenmu sun ɗauka sai mai tari da jini ne ke da shi, alhali yana kama kaluluwar wuya da ƙashin baya da ciki, ya zo da zazzaɓin yamma da gumin dare da rama, ba tare da tari ko ɗaya ba. Na ga wani matashi ɗan maƙwabtanmu, tela ne, da wandonsa ya daina zama a ƙugunsa, mahaifiyarsa na riƙe da leda cike da kwalayen maganin taifot da ya shanye, ga jarkar jiƙe-jiƙe a ƙarƙashin gado saboda an ce sammu ne. Da aka kai shi asibiti aka gwada kakinsa da na'urar GeneXpert, sai ga tibi, wato tarin fuka. Maganin na wata shida ne, kuma kyauta ake bayarwa a cibiyoyin gwamnati irin su Asibitin Zana.

Akwai kuma cutar burusela, wadda ake ɗauka daga nonon da ba a dafa ba ko daga taɓa jini da mahaifar dabba mai ɗauke da ita, don haka makiyaya da mahauta su ne a gaba wajen kamuwa. Zazzaɓinta yana tafiya yana dawowa tare da ciwon gaɓoɓi. Cuta mai karya garkuwar jiki, da maruru a hanta, da ƙwayoyin cuta da suka zauna a bawul ɗin zuciya ko a mafitsara, duk suna iya zuwa da wannan siffa. Wani lokaci ma babu ƙwayar cuta ko kaɗan: sankarar jini ce ko ta kaluluwa, ko cutar lufus da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita, wadda ta fi kama mata, ko kuma wani magani da majinyacin ke sha shi ke ta da zazzaɓin.

Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da ta sa ido kan masu kemis, su riƙa tura duk wanda zazzaɓinsa bai sauka ba bayan ya kammala maganin maleriya zuwa asibiti, musamman da yake zazzaɓin Lassa ma haka yake farawa. Iyalai kuma su nemi ma'aunin zafin jiki su riƙa rubuta abin da ya nuna safe da yamma, su tafi da kwalayen duk abin da aka sha, su faɗa wa likita sana'ar majinyacin da inda ya je kwanan nan, sannan su nemi takardar turawa zuwa Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano idan ƙaramin asibiti ya kasa gano cutar.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Gwammaja, Kano