A ba masu fasaha wuri a masaƙun Kakuri

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan batun farfaɗo da masaƙun Kaduna, kuma duk maganar inji ce da auduga da wutar lantarki, babu wanda ya ce komai kan gine-ginen da ke tsaye yanzu haka a Kakuri.

Babana ya yi aiki a ɗaya daga cikinsu. Ina tuna jiniyar tashi, kekuna su cika titi maƙil, mata masu tuwo da alala a bakin get. Kwanan baya na bi ta wurin, ciyawa ta kai ƙugu, kwanon rufi duk ya yi tsatsa, wallahi sai da na yi ƙwalla. Masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles Limited, fa tun 1957 aka buɗe ta zamanin Sardauna, tarihin Arewa ne gaba ɗaya.

A Ingila akwai garin Saltaire, masaƙarsu ta rufe a 1986, aka mayar da ginin wurin nuna zane-zane da shaguna, a 2001 UNESCO ta saka garin cikin wuraren tarihi na duniya, yanzu mutane na tururuwa.

Roƙona ga gwamnatin jiha da masu gine-ginen, kafin injinan su dawo a gyara zaure ko guda ɗaya ne, a ba marina da masu ɗinki da masu zane da yaran wasan kwaikwayo haya mai sauƙi, a ware ɗaki na tsofaffin injina da samfurin atamfa, sannan a ɗauki muryar tsofaffin ma'aikata tun suna da rai.

Naku,
Mai karatu daga Kakuri, Kaduna