A Bar Mana Mutum a Wurin Biyan Kuɗi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarku mai farin jini domin in yi tsokaci a kan 'yar mu'amalar da ke gudana tsakanin mutane a kantin kayan masarufi, wadda muke gani kullum amma ba mu cika kula da ita ba.

Kwanakin baya ina kan layin biyan kuɗi, sai wata dattijuwa da ke gabana ta zazzage jakarta tana ƙirga canji, hannunta yana rawa, kuɗin kuma suka ƙi cika. Har ta ware sabulu guda za ta mayar, sai yarinyar da ke karɓar kuɗi ta lura cewa wani matashi a bayana ya sa hannu a aljihu. Ba ta ɗaga murya ta faɗi abin da ya rage ba. Juya allon na'urar kawai ta yi yadda zai gani, shi kuma ya miƙa cikon, ya kau da kai kamar ba shi ba. Cikon bai taka kara ya karya ba, amma yadda su biyun suka rufa wa baiwar Allah asiri ba tare da sun ce uffan ba, shi ne ya tsaya mini a rai.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, wurin da irin wannan ke faruwa yana ta ƙanƙancewa. Tun 1916, lokacin da Clarence Saunders ya buɗe kantin Piggly Wiggly a birnin Memfis na Amurka, inda mai saye ke ɗaukar kaya da kansa, ake ta rage hannun mutum a ciniki, har aka kawo yau da na'ura ke karɓar kuɗi babu ko sannu. Ba na musun cewa tana da sauri, ni ma nakan nufe ta idan ina gaggawa. Sai dai akwai tsofaffin da ke zaune su kaɗai, waɗanda gaisuwar mai karɓar kuɗi ce kaɗai maganar da za a yi musu a yinin.

Wasu sun fara farga. A 2019 kamfanin Jumbo na ƙasar Holan ya ware layi na musamman domin masu son tsayawa su ɗan taɓa hira, a 2023 kuma kamfanin Booths na Ingila ya cire na'urorin daga yawancin rassansa ya mayar da ma'aikata.

Roƙona ga masu kantuna shi ne, ko da za su kawo na'ura, su bar aƙalla teburi ɗaya da mutum a zaune, kuma kada su tsawata wa ma'aikacin da ya jinkirta saboda yana jiran wata tsohuwa ta gama ƙirga canjinta.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku